Masu Tayar da Jaguar E-Type Daga Tsatsa

A watan Maris na 1961 kamfanin Jaguar ya yaye wa E-Type lulluɓi a bikin baje kolin motoci na birnin Geneva. Masu son a ɗana su suka yi wa motar caa, har sai da aka aika wa direban gwajin kamfanin, Norman Dewis, cewa ya taso da wata daga masana'antar da ke Coventry. Ya kwana yana tuƙi, washegari da safe ya iso. Wanda ya zana surarta, Malcolm Sayer, a masana'antar jiragen sama ya koyi aiki, shi ya sa duk jikinta babu kusurwa: dogon hanci, ƙugu a matse, baya a dunƙule. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, aka ce tana taɓa mil 150 a awa guda, kuma kuɗinta fam dubu biyu da 'yan kai. Kafin a daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 1970, an fitar da fiye da 70,000.

Duk wadda ka gani yau tana walƙiya kamar jiya ta bar Coventry, to akwai wani bawan Allah da ya ba ta watanni daga rayuwarsa. Shi nake so a gani.

Babbar abokiyar gabar motar tsatsa ce. A Ingila ana watsa gishiri a kan hanya lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, motocin wancan zamani kuwa ba su samu wata kariyar kirki ba. Ga shi kuma E-Type ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Daga gaban direba zuwa baya, bodin ne ke ɗauke da kansa, ƙarfinsa yana cikin daɓen ƙasa da dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Ruwa ya shiga ciki ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki. Sai ka ga mota fes a ido, amma da an ɗaga ta da jak ƙofa ta ƙi rufuwa, domin tsakiyarta ta saki. Saboda haka gwani ba ya taɓa injin yanka sai ya fara walda sandunan tokare a bakin ƙofofi, ya ɗaure bodin a kan teburin awo. Wanda ya yi gaggawar yanke ruɓaɓɓen ƙarfe kafin haka, motar za ta murɗe, kuma murɗewar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne wajen fanal bita, da na'urar da ake kira wilin Ingila. Ba ta da inji, ba ta cin wuta. Ƙarfe ne babba mai lanƙwasa, da wili biyu a bakinsa: na sama faffaɗa, na ƙasa ƙarami mai ɗan doro. Mutumin zai sa falle na ƙarfe a tsakaninsu, ya tura gaba, ya jawo baya, kowane zuwa yana ɗan gocewa daga layin da ya bi. Duk inda wili ya bi, ƙarfen ya ɗan miƙe, da yake kuwa gefuna ba su miƙe ba, sai tsakiya ta fara tasowa. Ba ka ganin lokacin da abin ke faruwa. Falle ne shimfiɗaɗɗe, can sai ga shi ya zama kafaɗar mota. Yana yi yana cirewa, ya kifa a kan samfurin katako, ya rufe ido ya shafa da tafin hannu, domin tafi yana jin tudun da ido bai gani ba. In ya matse wilin fiye da kima, ƙarfen ya yi siriri ya yi layi-layi, sai dai a ɗauko wani. Babu littafin da ke koyar da yawan matsin nan. Shekaru ne a tsaye kusa da maigida.

Sai kuma bonet, wanda shi kaɗai ya kusa rabin motar. Hanci da fitilu da murfin tayoyin gaba duk tare suke, gaba ɗaya yake kifawa gaba idan an buɗe. Ko sabo fil aka sayo, ba ya zama daidai sai an yi ta datsa, ana ƙara 'yan faifan ƙarfe a mahaɗa, ana ɗorawa ana saukewa, har tazarar da ke tsakaninsa da bodi ta daidaita daga sama har ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai firam na siraran bututu da ke riƙe da inji. Waɗannan da tagulla aka haɗa su, zafin walda yana raunana su, don haka mai amana ba ya faci a nan, canzawa yake yi.

Mahaɗar ƙarfe kuwa, da dalma masana'antar ta cike ta tun farko, kuma masu kishin aikin har yau haka suke yi. Sanda ce ta dalma da kuza, a gasa ta da harshen wuta har ta yi laushi kamar man shanu, ba ta narke ta zube ba, ba ta daskare ba. A wannan ɗan tsakanin ne ake shafe ta da ludayin katako da aka tsoma a kitse don kada ta manne. In ta huce a bi ta da zarto na hannu, ba injin gurza ba, saboda ƙurar dalma guba ce. Filar roba ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma shafa kaɗan ba laifi. Laifin shi ne a cusa ta a rami a rufe da fenti. Shi ya sa masu saye ke zuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, akwai magana.

Wanda ya san mota ba ƙyallin fenti yake fara dubawa ba. Zai durƙusa ya leƙa ƙasa. Zai gwada lambar inji da ta bodi da takardar shaidar da cibiyar adana tarihin Jaguar ke bayarwa daga kundin masana'anta, wadda ke nuna ranar ƙera motar da launinta na asali. Zai nemi hotunan aikin tun tana tsirara babu fenti. Ni dai a nawa ganin, mai gyaran da ya bar tsohuwar fatar kujera, ya ciyar da ita da mai ya ɗinke inda ta yage, ya fi wanda ya yaye komai ya sa sabo. Sanin abin da za a bari ma gwaninta ce, kuma ta fi ƙaranci.

Aikin ƙarshe na kunne ne. Injin nan mai lita 3.8 yana da kafireto uku na SU a jere, dole kowanne ya ja iska daidai da ɗan'uwansa. Akwai na'urar awo, amma tsofaffin bakanikai ɗan tiyo suke ɗauka, su sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireto, su saurari shuuu ɗin iskar. Su matsa na biyu, su juya sukuru kaɗan, su koma na farko. Idan sautin ukun ya zama ɗaya, karkarwar injin sai ta kwanta. Daga nan a fita da motar a hankali, ba a takura ta, ta yi 'yan ɗaruruwan mil, sannan ta dawo gareji a juye mai, a sake ɗaure notocin kan injin, a duba ko wani wuri yana ɗiga.