Ƙofar da Ba Ta Buɗe Ba: Tarken Wasiƙun Narcissa Whitman

A shekarar 1836 Narcissa Whitman, amarya daga jihar New York, ta ƙetare tsaunukan Rocky tare da mijinta, Likita Marcus Whitman, domin yaɗa addinin Kirista cikin ƙabilar Cayuse a Waiilatpu, yankin Oregon. An daɗe ana karanta wasiƙun da ta aika wa danginta a matsayin tarihin sadaukarwa. A ganin wannan maƙala, babban jigonsu shi ne gida da ƙofarsa.

Wasiƙun hanya cike suke da rai. Marubuciyar tana lura da komai: busasshen naman ɓauna da ya gundure ta, kogunan da aka haye, ɗan akwatinta da dole ta sa aka bari a hanya. Amma da aka kafa gida, sai idonta ya ƙuntata. Mutanen da ta zo dominsu suka koma cincirindo a bakin ƙofa, tana kokawa da yadda suke shigo mata ɗaki, tana fafutukar tsare tsabtar gidanta. Abin da ta ɗauka tarbiyya, masu ƙasa sun ɗauke shi rowa.

Ƙofar ta ɗan buɗe da haihuwar Alice a 1837. Narcissa da kanta ta rubuta cewa shugaba Tiloukaikt ya kira jaririyar 'yar Cayuse, tunda a ƙasarsu aka haife ta. Da yarinyar ta nutse a kogi a Yunin 1839, sai wasiƙun suka juya ciki. A nan ne alƙalaminta ya fi ratsa zuciya, a nan ne kuma ya fi nisa da maƙwabtanta. Ƙaunarta ta koma kan yaran da take riƙo, har da marayu bakwai na iyalin Sager da ta karɓa a 1844.

Annobar ƙyanda ta 1847 ta yi wa Cayuse ɓarna, alhali akasarin 'ya'yan Turawa suna warkewa, sai zargi ya faɗa kan likita. Ranar 29 ga Nuwamba aka kashe ma'auratan. Tiloukaikt na cikin mutum biyar da aka rataye a 1850.

Raunin wasiƙun shi ne darajarsu: sun adana, ba da niyya ba, yadda kyakkyawar manufa ke zama kurma. Cayuse ba su bar mana wasiƙu irin nata ba. Don haka wajibi ne manazarci ya saurari wanda ke tsaye a waje, kamar yadda yake sauraren wadda ke rubutu a ciki.