Hannun da ke auna dalma

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sayen zinariya a Gusau ya ga yadda yake riƙe numfashi idan ya zuba gari a kan sikeli. To, akwai awon da ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba, wato auna dalmar da ke cikin ruwan teku. Abin da ke cikin lita guda bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ƙurar da ke kan yatsan mai awon ma za ta iya fin ta yawa.

Saboda haka rabin gwanintar tsabta ce. Kwalbar da za a ɗebi ruwa da ita sai ta yi kwanaki a jiƙe cikin asid, a ɗauraye ta da tataccen ruwa, a ƙulle ta cikin leda biyu. Ba a ɗiba a gindin jirgi, domin fentinsa da hayaƙinsa duk suna iya zubar da dalma. Sai a yi nisa, a juya wa jirgin baya ta inda iska ke tasowa. Mutum ɗaya yana riƙe ledar waje, wani da safar hannu shi kaɗai ke taɓa kwalbar. Abin da ya fi burge ni shi ne kwalbar shaida: a zuba mata tsabtataccen ruwa, a bi da ita duk hanyar da sauran suka bi. In aka auna aka ga dalma a cikinta, mai awo ya san daga gare shi take, ya zubar da aikin makonni ya koma farko.

Ba'amurke Clair Patterson na jami'ar Caltech ne ya kafa wannan tarbiyya. A 1963 shi da abokin aikinsa Mitsunobu Tatsumoto suka nuna cewa ruwan saman teku ya fi na can ƙasa dalma sosai, kuma suka ɗora laifin a kan dalmar da ake zuba wa man fetur. Ƙungiyar kamfanonin mai ta Amurka tana cikin masu ba shi kuɗin bincike, sai ta janye hannunta. Bai fasa ba. Ya tafi ya auna tsohuwar ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika, sakamakon ya sake gaskata shi. A 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Tsafe ko Bunguɗu da teku? Ai mu Zamfarawa mun san dalma sanin da ba mu so ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu. Na'urar hannu da ake gwada jini da ita iyakarta maikirogiram 65 ne a desilita, amma jinin yara da dama ya wuce abin da take iya karantawa. Masu awo ne suka bi gida gida, suna auna ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya, har aka san inda za a kankare a zuba sabuwar ƙasa. Ƙauyen Bagega kuwa, wanda shi ma abin ya shafa, sai 2013 aka saki kuɗin gyaransa, bayan matasa sun yi ta kururuwa. Gwanaye suna nan a shirye, kuɗin ne ya makara.

Ƙasar 'Yandoto da ke nan Zamfara tsohuwar matattarar malamai ce, kuma tun 2013 Jami'ar Tarayya tana Gusau. Yaron da ya iya haƙurin haddace allo zai iya haƙurin wanke kwalba. Kirana ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da gwamnatin jiha shi ne su ware kuɗi na kowace shekara, wanda bai fito daga aljihun masu haƙar ma'adinai ba, don a horar da ɗalibanmu wannan awo, su riƙa gwada rijiyoyinmu da ruwan madatsar Gusau rani da damina.