Kalmomin da Suka Baro Gona Suka Zama Zagi

A Turancin yau, *villain* shi ne mugun cikin labari, wanda masu kallon fim ɗin Indiya a Kano suka raɗa wa suna bos. Shekaru ɗari bakwai da suka wuce kuwa, kalmar ba ta nufin komai sai talakan da ke noma gonar mai ƙasa. Daga Latin ta fito, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingila. Ba ita kaɗai wannan ƙaddara ta faɗa wa ba. *Churl*, da a yanzu ake nufin mara tarbiyya da ita, a da sunan ɗa ne mai 'yanci amma na ƙasan tsani. *Boor* manomi ne, ga 'yar'uwarta *boer* har gobe tana nufin manomi a bakin mutanen Holan. *Knave* yaro ne kawai, kamar *Knabe* ta Jamusanci, sai ta zama bara, daga bara ta zama ɗan damfara.

A can fada kuma hawa ake yi. *Knight* ta faro ne da ma'anar yaro ko bawan gida, amma da yake sarki wannan yaron yake wa hidima, bisa doki kuma, sai sunansa ya zama sarautar da ake durƙusawa a karɓa. *Marshal* mai kula da dawaki ne, yau babban hafsan soja. *Lord* ta samo asali daga kalmomi biyu masu nufin mai tsaron burodi, *lady* kuma mai kwaɓa shi. Ke nan bara biyu ne suka tashi tare, wanda ke kusa da sarki ya ɗaukaka, wanda ke kusa da garma ya wulaƙanta.

Wani limamin coci mai suna Richard Chenevix Trench ya lura da wannan a littafinsa na 1851 kan nazarin kalmomi, ya fassara shi da ido irin na mai wa'azi. A ganinsa lalacewar kalmomi shaida ce ta lalacewar zuciyar ɗan Adam. Ina ganin ya hango abin, ya kuskure mai laifin. Manomin bai ƙara mugunta ba. Masu riƙe da alƙalami ne, mutanen birni da na fada, suka raina shi har sunan sana'arsa ya ishe su zagi. Mata ma sun sha irin wannan: *hussy*, wadda ake jifan mace mara kamun kai da ita, gajarta *housewife* ce, wato uwargida.

Duk da haka, Trench ya bar gadon da ya fi wa'azinsa amfani. A 1857 ya tsaya gaban ƙungiyar masana harshe ta Landan ya zayyana giɓin da ke cikin ƙamusoshin lokacin, ya ce aikin mai ƙamus shi ne rubuta tarihin kalma, hukunci ba nasa ba ne. Daga nan aka ɗauko aikin da ya zama babban ƙamus na Oxford. James Murray ya karɓi ragamarsa a 1879, masu sa kai daga Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suna karanta tsofaffin littattafai, suna kwafo jimloli a 'yan takardu tare da shekarar da aka rubuta su, suna aiko masa. Kashin farko ya fito a 1884, na ƙarshe sai 1928, shekara goma sha uku bayan rasuwar Murray. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a jera ma'anonin kalma daga mafi tsufa zuwa sabuwa, kowace da shaidarta.

Sai dai shaidar nan duk ta takarda ce. Shekarar da ƙamus ya ɗora wa kalma ita ce ranar da aka fara kama ta a rubuce, alhali mai yiwuwa ta daɗe tana yawo a kasuwa. Manomin da aka mai da sunansa zagi bai bar mana layi ɗaya na abin da shi yake kiran mai gonar ba.

Ba kowane sauyi ne ke da siyasa a ciki ba. *Meat* a da kowane irin abinci ce, ta tsuke ta koma nama. *Deer* kowace dabba ce, amma da Normawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo, *beast* da *animal* suka ƙwace filin, aka bar ta da barewa. *Starve* mutuwa ce ko ta wace hanya, *girl* kuma yaro ne, namiji ko mace. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce *silly*. Ta faro da ma'anar mai albarka, ta koma mara laifi, daga nan abin tausayi, sannan mai rauni, ta ƙare a wawa. Kowane taki ƙarami ne, babu zamanin da mutanensa suka ji cewa sun juya kalmar. *Nice* ta yi tafiyar a juye: daga Latin mai nufin jahili, ta zama wawa, ta zama mai tsirfa, ta zama mai daɗin sha'ani. Jane Austen har ta sa wani saurayi a *Northanger Abbey* yana tsokanar budurwa kan yadda take manna kalmar a kan komai.

Jikokin wannan saurayi suna nan. Su ne ke rubuta wa jaridu ƙorafi cewa *decimate* ba ta halatta sai in an kashe ɗaya cikin goma, domin ta haka ne Rumawa suka riƙa hukunta rundunar da ta yi tawaye. Hujjar tasu zaɓe ce irin ta son rai, domin ba a taɓa jin ɗayansu ya yi fushi don an ce masa *nice* ba. Da asali ne alƙali, da mu ma sai mu hana kiran direba ko tela malam tunda ba ya koyar da kowa.

Inda tsohuwar ma'ana ke da aiki na gaske shi ne wajen karanta tsohon rubutu. A fassarar Baibul ta 1611, *prevent* na nufin riga wani isa wuri, mai karatun yau kuwa hanawa zai fahimta, ya juya ayar ba tare da ya ankara ba. *Let* ta fi haɗari, don a da akwai wata *let* mai nufin tarewa, kishiyar wadda muka sani. Ta ɓace daga bakin mutane, ta maƙale a rubutun da ke cikin fasfon Birtaniya, da kuma filin wasan tanis, inda alƙali ke furta ta idan ƙwallon farko ta goge raga.