Furannin Ƙarshen Hunturu a Birtaniya: Nazarin Al'adar da Sauyin Yanayi Ke Gwadawa

A Birtaniya watannin Janairu da Fabrairu ba su da alƙibla. Yau a wayi gari ƙasa ta daskare har shebur ba ya shiga, jibi iska mai ɗumi ta taso daga tekun Atlantika da ruwan sama, komai ya narke ya koma caɓi, bayan mako guda sanyi ya sake dawowa. A cikin wannan rikita-rikita masu lambun ƙasar suka gina al'ada mai shekaru ɗaruruwa, ta shuka furanni masu kai a ƙarƙashin ƙasa irin na albasa, waɗanda ke ɓullowa tun bishiyoyi ba su fara tofo ba. Galantus ne ke fara fitowa, ɗan farin fure mai sunkuyar da kai. Kurokas ya biyo baya, sai dafodil mai ruwan ɗorawa, tulif kuma ya rufe a Afrilu da Mayu.

Wanda ya dubi al'adar da kyau zai ga cewa an gama muhimmin aikinta tun kafin sanyi ya sauka, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa yanayi daga hannun mutum take fitowa.

Idan aka tsaga kan tulif a watan Oktoba, za a tarar furen baɗi ya riga ya samu a tsakiya, ɗan mitsitsi, kewaye da ɓawo mai kauri cike da abinci. Komai a shirye yake, sanyi kawai ake jira. Tulif na buƙatar mako 12 zuwa 16 a yanayin da bai haura digiri 9 a ma'aunin Salshiyas ba. In bai samu haka ba, karansa ba ya miƙewa, sai furen ya maƙale can ƙasa tsakanin ganye. Ya gaji wannan hali ne daga asalinsa, duwatsun tsakiyar Asiya, inda hunturu ke da tsanani. Manoman Holand sun fahimci haka har suna ajiye kawunan a ɗakunan sanyi na tsawon makonni, su ƙirƙiro musu hunturu, don furen ya isa kasuwa a tsakiyar sanyi. Mu ma muna da danginsu a dazukanmu: albasar kwaɗi takan kwanta a ƙasa duk rani, ta yi fure da saukar ruwan farko. Tamu ruwa take jira, tasu kuwa kwanakin sanyi take ƙirgawa.

Galantus shi ya fi nuna juriyar sanyi a fili. Tsawonsa bai fi taƙi ba. Bakin ganyensa mai tauri ne, da shi yake huda daskararriyar ƙasa. Furen na da dogayen fararen kunnuwa uku a waje, da gajeru uku a ciki masu ɗigon kore. Da safiyar da raɓa ta daskare za ka same shi kwance male-male a ƙasa, har baƙon lambu ya ɗauka ya mutu. Abin da ya faru shi ne ruwan jikinsa ya fice daga cikin ƙwayoyin halitta ya koma tsakaninsu, don kada ƙanƙara ta fasa su. Kafin azahar, in rana ta ɗan leƙo, ruwan ya koma mazauninsa, karan ya miƙe tsaf. Idan ɗumi ya kai wajen digiri 10, kunnuwan waje sukan buɗe don ƙudan zuma na farko su samu shiga, da yamma kuma su sake rufewa.

Ƙa'idojin da tsofaffin masu lambu suka bari duk a kan wannan fahimta suka tsayu. A binne kai a zurfin da ya ninka tsawonsa kamar sau uku, domin can ƙasa zafi da sanyi ba sa saurin juyawa, kuma daskarewa da narkewa ba za su turo shi sama ba. A shuka dafodil a Satumba don ya kafa saiwa ƙasa na da sauran ɗumi. A jinkirta tulif sai Nuwamba, lokacin da sanyi ya rage ƙarfin cutar fumfuna da ke ƙona masa ganye. A zuba tsakuwa ko yashi mai kaushi inda ƙasa take da laka. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, domin ba kasafai sanyi ke kashe kan fure ba, ruwan da ya kwanta shi ke ruɓar da shi. Waɗanda aka shuka a tukwane ne kaɗai ke cikin haɗarin sanyi na gaske, saboda tukunya takan daskare ta kowane gefe, shi ya sa ake matsar da su jikin bango ko a naɗe su da buhu. Duk wannan aikin kaka ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai lambun da ya fito da bargo a Janairu yana lulluɓe ganyen da ya leƙo, galibi damuwarsa yake lulluɓewa, tsiron bai nemi taimako ba.

Al'adar tana da kurakuranta. An daɗe ana ɗaure ganyen dafodil ko a yanke shi da zarar fure ya bushe, don lambu ya yi tsaf. Alhali a waɗannan makonnin ne ganyen ke haɗa abincin da zai koma cikin kai don furen shekara mai zuwa. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, tana ba da shawarar a bar ganyen aƙalla mako shida ba tare da ɗauri ba. Da yawan dafodil da ke fitar da ganye zalla babu fure, waɗanda ake cewa hunturu ne ya lalata su, almakashin bara ne ya yi musu illa, ko cunkoso, ko shuka sama-sama. Haka kuma batun dasa galantus yana da ɗanyen ganye. An ɗauki wannan a matsayin doka saboda busassun kawunan da ake sayarwa a shaguna ba sa kamawa sosai. Amma ƙwararru da dama yanzu suna ganin tumɓuke tsiro yana cikin girma na karya masa saiwa, gara a jira ya kwanta barci a lokacin zafi, a haƙo shi a mayar ƙasa nan take kafin ya bushe. Hujjarsu ta fi ƙarfi, domin bushewa ce matsalar tun asali.

Soyayyar Turawan Ingila ga galantus tsohuwa ce, ko da yake akasarin masana na ganin shigo da shi aka yi. John Gerard ya ambace shi a littafinsa na tsirrai a 1597. Ana yawan ganinsa a harabar tsofaffin coci-coci, kuma an danganta shi da wani bikin Kirista na ranar 2 ga Fabrairu. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 sun zo da wani nau'i mai faɗin ganye. A 1874 Henry John Elwes ya samo wani babba a duwatsun kusa da Izmir a Turkiyya, wanda har yau yake ɗauke da sunansa, kuma gidansa na Colesbourne na cikin lambunan da jama'a ke tururuwa zuwa gani duk Fabrairu. Nau'o'in da aka raɗa wa suna yanzu sun haura 1,000, bambancin wasu bai wuce siffar ɗigon kore ba, sai mutum ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ɗaga furen da yatsa kafin ya gani.

A nan ne son abu ya fara rikiɗewa zuwa gasar kuɗi. A 2015 an sayar da kai ɗaya na nau'in Golden Fleece a kan fam 1,390 a eBay, a 2022 kuma na Golden Tears ya kai fam 1,850, dukansu daga hannun mai renon tsirrai Joe Sharman. Wahalar da ke bayan farashin gaskiya ce. Ana yanyanka kai ɗaya ƙanana-ƙanana, kowane yanki da ɓawo biyu haɗe da ɗan gindi, a ajiye su cikin danshi da ɗumi har su fitar da 'ya'ya, sannan a jira shekaru kafin su yi fure. Amma tsadar ta jawo satar tsirrai daga lambuna, ta kuma karkatar da hankali daga juriya zuwa baƙunta. Ɓangaren araha ma bai tsira ba: an yi shekaru ana haƙo miliyoyin kawuna daga dazukan Turkiyya ana kai wa kasuwannin Turai, har aka sanya galantus cikin yarjejeniyar CITES a 1990 don taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Gwajin da ya fi waɗannan girma shi ne na yanayin kansa. Disamban 2015 shi ne Disamba mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a Birtaniya, har aka ga dafodil ya yi fure kafin Kirsimeti. A ƙarshen Fabrairun 2018 iska mai tsananin sanyi daga Sibiriya ta rufe ƙasar da dusar ƙanƙara. Shekara guda bayan haka, ranar 26 ga Fabrairun 2019, zafi ya kai digiri 21.2 a lambun Kew da ke Landan. Irin wannan hawa da sauka ya fi sanyi mai ɗorewa haɗari. Ɗumi kan yaudari tsiro ya fitar da toho mai taushi, sanyi ya dawo ya ƙona shi. Kan da ke ƙasa yakan tsira, furen shekarar ne ke salwanta. Hunturu mai ɗumi da yawan ruwa kuwa yana ruɓar da kawuna, yana barin dodon koɗi da danginsa a farke suna cin toho, yana kuma rage wa tulif makonnin sanyinsa.

Mun san girman sauyin ne albarkacin wani reshe na al'adar da ba a cika yabawa ba, wato rubuta ranaku. Robert Marsham, mai gonaki a Norfolk, ya fara rubuta alamomin ƙarewar hunturu a 1736, ciki har da ranar da galantus ya fara fure, zuriyarsa kuma suka ci gaba har 1958. A 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Ulf Büntgen na Jami'ar Kambirij suka nazarci bayanai sama da 400,000 kan nau'o'in tsirrai 406, daga 1753 zuwa 2019. Sun gano cewa daga 1987 zuwa 2019 tsirran Birtaniya na fara fure kusan wata guda kafin lokacin da suka saba a baya. Fargabar ita ce fure ya riga ƙwarin da ke yi masa barbara fitowa.

Saboda haka kalandar da aka gada, mai cewa a yi kaza a wata kaza, ta fara tsufa, amma dalilan da ke ƙarƙashinta suna nan daram: zurfin shuka, ƙasa mai tsane ruwa, barin ganye ya gama aikinsa, da haɗa nau'o'i masu fure a lokuta daban-daban don kada dare ɗaya na sanyi ya kwashe duka. Mai lambun da ya riƙe dalilan zai iya gyara ranakun da kansa. Kuma idan ana neman wanda ya fi yi wa wannan al'ada hidima a yau, shi ne wanda ya shuka galantus na gama-gari da aka rena a gona, ya lura da ranar da ya buɗe, ya aika wa shirin Nature's Calendar na ƙungiyar Woodland Trust. Da irin wannan rubutu ne masu lambun shekaru hamsin masu zuwa za su san abin da zai iya rayuwa a ƙasarsu.