Jinjina ga Jimi Hendrix da Abokan Kiɗansa

A watan Mayun 1967 faifan Are You Experienced na Jimi Hendrix da abokan kiɗansa ya fito a Ingila, ya girgiza duniyar kiɗa. Jimi Hendrix, ɗan Amurka, bahago ne, sai ya kifar da jitar masu hannun dama, ya sake jera tsirkiyoyinta. Ƙugin nan da lasifika kan yi idan jita ta matso kusa, wanda makaɗa ke gudu, shi ya hore shi har ya zama kiɗa mai ratsa jiki. Gwaninta ke nan. A yaba wa Mitch Mitchell ma, wanda gangunansa ke bin Jimi duk inda ya karkata, da Noel Redding mai jitar bes. Mutum uku kacal suka yi wannan aiki. Mai son jita, nemi faifan ka saurara.