Wasan Majigi Kan Makircin Neman Mulki

A shekarar 2011 aka fito da wani wasan majigi a ƙasar Amurka mai suna The Ides of March. Ma'anar sunan ita ce ranar 15 ga watan Maris, watau ranar da abokan Yuliyas Kaisar suka taru suka kashe shi a birnin Rum. George Clooney ne ya shirya wasan, tushensa kuwa wani wasan kwaikwayo ne da Beau Willimon ya rubuta.

Ga yadda labarin yake. Gwamna Morris yana neman jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa, an zo zaɓen fid da gwani a jihar Ohayo. Cikin masu yi masa hidima akwai wani saurayi mai fasaha, Meyers, wanda ya gaskata maigidansa har zuci. Sai Duffy, jagoran abokin hamayya, ya kira shi a ɓoye, ya yi masa tayin aiki. Meyers ya ƙi, amma zuwan da ya yi kaɗai ya isa laifi a wurin Zara, shugabansa, har ya kore shi. Da ya koma wurin Duffy, sai ya tarar ashe tarko ne aka ɗana masa, don a raba Gwamna da gwaninsa. Daga nan yaro ya rikiɗe. Ya riga ya san Gwamna ya yi wa wata yarinya ma'aikaciyarsu ciki, yarinyar kuwa ta mutu, sai ya riƙe wannan asiri ya zama makaminsa, ya sa aka kori Zara, ya haye kujerarsa.

To, mai karatu, ƙarfin wannan wasa yana ga 'yan wasansa. Philip Seymour Hoffman, wanda ya rasu a 1914 da ɗari, watau 2014, shi ya fito a Zara, tsohon hannu mai kwana da sigari. Sa'ad da yake yi wa Meyers faɗa a kan amana, bai ɗaga murya ainun ba, amma kowace kalma tana da nauyi. Paul Giamatti kuma ya fito a Duffy, yana murmushi yana yanka, ba ya ko jin kunya. Ryan Gosling, mai fitowa a Meyers, da fuska yake aikinsa. Da fari idonsa cike yake da fara'a, a ƙarshe kuwa an tsai da hoto a kan fuskarsa ta bushe sarai, mai kallo ya gane an sami kujera an rasa mutum. Clooney, da ya fito a Gwamna, ya yi hikima da ya ja baya ya bar wa sauran fili. Wurin da aka kori Zara ma an nuna gwaninta, gama a cikin mota aka yi maganar, mu kuwa muna waje ba mu ji kome ba, sai muka ga ya fito shi kaɗai.

Amma wasan yana da aibi. Da fari Gwamna ya ƙi sayen goyon bayan wani ɗan majalisar dattawa da alkawarin muƙami, ko da yake mutumin yana da wakilai masu yawa. Nan ne ainihin tambayar take: shin mutumin kirki zai iya cin zaɓe bai sayar da kansa ba? Maimakon a bar kwaɗayin mulki ya gwada shi, sai aka kawo abin kunya na mace ya karya shi, tambayar ta tafi ba amsa. Yarinyar kuma, wadda Evan Rachel Wood ta fito a matsayinta da kyau, an mai da ita tsani kawai, ta mutu don labarin maza ya ci gaba.

Duk da haka wasan ya cancanci kallo, musamman ga wanda ke jefa ƙuri'a. Yana koya mana cewa daɗin bakin ɗan takara a kan dandamali ba shi ne halinsa ba, kuma mutanen da ke bayansa su ma abin dubawa ne kafin a ba shi amana.