Jadawalin bahago a kurket ya manta da kusurwar jifa

Idan kana kallon gasar kurket ta IPL a Indiya, ka saba da wannan: bahago na shigowa bugu, sai kyaftin ya kira mai murza ƙwallo da yatsun dama, masu sharhi kuma su watsa jadawali a allo don gaskata shi. Hujjar tana da tushe, domin irin wannan ƙwallo idan ta dira a ƙasa takan kauce wa bahago. Matsalar jadawalin ita ce ya yi wa masu jifa kuɗin goro, bai tambayi daga ina ƙwallon ta bar hannu ba.

Bari mu yi lissafi. Tsawon filin jifa mita 20.12 ne, ƙwallo kuma takan yi tafiyar kusan mita 18. Idan mai jifa ya matsa gefe da mita ɗaya, kusurwar ta canza da kamar digiri 3. Kaɗan ne, ko? To, a mita biyun ƙarshe, bayan ƙwallo ta dira, wannan ya kai santimita 11. Faɗin sandar bugu kuwa bai wuce santimita 10.8 ba.

Idan ya jefo daga ɓangaren ƙafafun bahago, kusurwa da murɗawa duk waje ɗaya suke kai ƙwallon. Sau da yawa ma takan dira a wajen turken ɓangaren ƙafa, kuma a doka, ko ƙafarsa ta tare ta ba a fitar da shi. Idan ya zagayo ta ɗaya gefen, ƙwallon ciki take nufa: in ta murɗa ta goge gefen sanda a cafke, in ta ƙi ta sami ƙafa ko turaku. Haka Ravichandran Ashwin ya sha yi, wanda a 2021 ya zama na farko da ya fitar da bahagwai sau 200 a wasannin kwana biyar.

Don haka kyaftin da ya bi jadawali ido rufe zai iya ajiye gwaninsa ya miƙa ƙwallo ga wanda bai iya zagayowa ba, jifa shida kuma sun isa a rasa wasa. Kai dai, in bahago ya shigo, duba inda mai jifa ya dasa ƙafarsa kafin ka yarda da allo.